Kukan Kunne: Matakan Da Za Ka Bi Daga Ranar Da Ya Fara Har Ya Daina Hana Ka Sakat

Tun ranar da na ambata cewa na shekara bakwai kunnena yana kuka, tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini ta bakuna daban-daban: "To kai yaya kake yi har kake barci?" Wani ya ce nasa kamar kukan gyare ne cikin dare. Wata ta ce nata shuuu ne, kamar an bar famfo a buɗe a ɗakin da ke kusa. Nawa siririyar wiii ce, ta fi ƙarfi a hagu. Likitoci suna kiran abin tinitus, wato ƙarar da kake ji alhali babu abin da ke yin ta a waje. Wani babban nazari da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 14 cikin 100 na manyan mutane a duniya suna jin ta, fiye da mutum miliyan 740 ke nan, amma waɗanda ta tsananta wa kusan kashi 2 ne cikin 100.

Tazarar nan da ke tsakanin 14 da 2 ita ce zancenmu. Yawancin masu kukan kunne, ƙarar tana nan daram, sai dai ta daina cin ransu. Ba ƙwaya ce ta kai su can ba, domin har yau babu ƙwayar da aka tabbatar tana kashe shi. Bin abubuwa a jere ne, kowanne a lokacinsa. Ni daga wutsiya na fara: na sayi magunguna tun kafin a leƙa kunnena, na ɓata wata takwas da kuɗi masu yawa. Ga yadda ya kamata a ce na bi.

1. Raba na gaggawa da wanda zai iya jira

Akasarin kukan kunne ba alamar mugun ciwo ba ne, amma akwai wanda ba a kwana da shi. Ka tafi asibiti a ranar idan ya zo da ɗaya daga cikin waɗannan:

- jinka ya ragu farat ɗaya, cikin awoyi ko kwana biyu zuwa uku, musamman a kunne guda;
- ya fara bayan ka bugu a kai;
- ya zo da karkacewar fuska, mutuwar gefe ɗaya na jiki, harɗewar harshe, ko jirin da ya hana ka tsayuwa;
- ƙarar ta dame ka har tunanin cutar da kanka ya fara zuwa maka.

Na farkon ne aka fi yin sakaci da shi. Mutum zai tashi da safe ya ji kunne ɗaya ya toshe yana kuka, ya ce datti ne ko mura, bari ya ga kwana biyu. Idan daga can ciki ne jin ya ɗauke, magungunan sitiroyid, masu rage kumburi, da ake bayarwa sun fi aiki a kwanakin farko, kuma bayan mako biyu damar dawowar jin tana raguwa ƙwarai.

Akwai kuma waɗanda ba na yau-yau ba ne, amma kada su wuce 'yan kwanaki: ƙarar da ke bugawa daidai da bugun zuciyarka, dum-dum ko fuu-fuu, kukan da ke kunne ɗaya tak, kunnen da ke zafi ko fitar da ruwa, da hajijiyar da ke zuwa tana tafiya tare da jin kunne ya cika. Mai bugawa tare da zuciya yana da nasaba da gudun jini, don haka za a duba hawan jini, ƙarancin jini, da jijiyoyin wuya da na kai. Sau da yawa shi ne ma aka fi samo masa dalilin da za a iya gyarawa.

Idan kuwa daga wurin kiɗa ko kusa da wani inji ka fito kunnenka ya kama kuka, yawanci yakan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ka ba kunnen hutu daga hayaniya. In ya wuce mako bai tafi ba, je a duba.

2. Rubuta labarinsa kafin ka ga likita

Likita ba ya jin ƙarar da kake ji, da bakinka zai yi aiki. Ka ɗauki takarda ka rubuta yaushe ya fara, a hankali ko farat ɗaya, wane kunne, irin ƙarar, da ko tana canzawa idan ka cije haƙora ko ka juya wuya. Ka rubuta duk aikin hayaniya da ka taɓa yi, ko da shekara goma ne baya.

Sannan ka tattara duk maganin da kake sha ko aka yi maka allurarsa a watannin baya, har wanda ka saya da kanka. In da hali ka tafi da kwalayen. Akwai magungunan da aka san suna tayar da kukan kunne: kwinin da kulorokwin, asfirin idan an sha da yawa, masu kashe zafi irin su ibuprofen da diclofenac idan aka daɗe ana sha, allurai irin su gentamicin, streptomycin da amikacin, maganin fitar da ruwa furosemide idan adadin ya yi yawa, da cisplatin na ciwon daji. Na asfirin da kwinin yawanci yakan tafi idan an daina. Na alluran nan da cisplatin yana iya zama dindindin, shi ya sa ake so ka yi magana da wuri idan kana cikin karɓarsu ka ji kunnenka ya canza.

Hattara: kada ka tsayar da maganin da likita ya ɗora ka a kai don ka gan shi cikin jerin nan. Ƙaramar asfirin ta masu ciwon zuciya, misali, adadinta bai kai na tayar da kunne ba, kuma barinta na iya jawo abin da ya fi kuka muni. Ka kai maganar, likita ya yanke.

3. A leƙa kunnen, kada ka leƙa da tsinke

Mataki mafi arha ke nan, wani lokacin ma a nan zancen ke ƙarewa. Likita zai haska ya ga ko datti ya cushe, ko akwai ruwa a bayan dodon kunne, ko dodon ya huje. Idan datti ne, za a ba ka maganin ɗigawa na 'yan kwanaki ya yi laushi, sannan a wanke ko a zuƙe shi da na'ura.

Hattara: auduga mai tsinke ba ta fitar da datti, ciki take tura shi ta danne shi a jikin dodon kunne. Ashana, makulli da murfin biro sun fi ta ɓarna. Garin neman gira kada a rasa ido. Haka nan kada ka ɗiga komai a kunnen da ke fitar da ruwa ko wanda dodonsa ya taɓa hujewa sai da izinin likita. Kyandir ɗin da ake kunnawa a kunne da sunan zuƙo datti kuwa ba ya zuƙo komai, ƙona mutane yake yi.

4. Yi gwajin ji, ko da kana ganin jinka garau ne

Wannan ne na yi ta gudu, don ni a ganina ina jin komai. Yawancin masu kukan kunne suna da raguwar ji, ko da kaɗan ce, kuma takan fara ne daga siraran sautuka, inda mutum ba ya lura da wuri. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi da ke karɓar sauti. Hayaniya da shekaru suna kashe su, kuma ba sa sake tsirowa. Idan saƙon da ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu, sai ta ƙara wa kanta ƙarfin saurare, kamar rediyon da aka ƙure wa murya alhali tasha ba ta kama ba. Shuuu ɗin da kake ji ke nan.

Ka nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro, ko ƙwararren mai gwajin ji. Gwajin ba ya zafi, kuma bai fi rabin awa ba. Za a sa ka a wani ɗan ɗaki da ba ya shigar da ƙara, a sa maka abin sauraro a kunne, ka riƙa danna maɓalli duk sanda ka ji ɗan sauti. Ga abin da ba wanda ya faɗa mini: da aka rufe ƙofar ɗakin, shirun ya sa kukan kunnena ya cika kaina har na kasa bambanta nawa da na na'urar. Na yi ta danna maɓalli babu gaira babu dalili, sai da mai gwajin ta buɗe ƙofa ta ce, "Malam, ai ban fara ba tukuna." Ka faɗa tun farko cewa kunnenka na kuka, ka roƙi a yi maka da sauti mai yankewa, tit-tit-tit, ko mai rawa, ya fi sauƙin tsinta. Takardar gwajina ta nuna jina ya faɗi daidai wani siririn sauti, mai ma'aunin 4,000 a awon kaifin sauti, wanda shi ne tambarin da hayaniya ta saba bari a kunne.

Ka karɓi kwafin sakamakon ka adana. Idan kukan na kunne ɗaya ne, ko jin kunnuwan biyu ya sha bamban sosai, ana iya tura ka hoton MRI, mai nuna cikin kai, don a tabbatar babu tsiro a jijiyar ji. Tsiron ba kasafai ake samunsa ba, kuma ba na daji ba ne. Hoton yana da tsada, kuma ba kowa ke buƙatarsa ba: mai kuka a kunne biyu, marar bugawa, wanda jinsa ya daidaita, galibi ba ya buƙata. In za a yi maka, na'urar tana da ƙara sosai, ka tabbata an toshe maka kunne kafin a tura ka ciki.

Idan an samu raguwar ji, a yi maganar na'urar ƙara ji. Mutane na gudun ta don kunya, amma ga wanda jinsa ya ragu tana cikin abubuwan da suka fi rage kukan, domin tana dawo wa ƙwaƙwalwa da sautukan da ta rasa. Ita ce ta fi komai tsada a jagorar nan, saboda haka kafin ka biya ka tambaya: akwai lokacin gwaji da za ka iya mayarwa? Kuɗin ya haɗa da dawowa a sake saita ta? Batir take ci ko caji ake yi?

Hattara: 'yar na'urar da ake sayarwa ba tare da gwaji ba, mai ƙara wa kowane sauti ƙarfi bai ɗaya, ba ita ce na'urar da aka saita da takardar gwajinka ba. Tana iya ƙara maka hayaniya a inda jinka lafiya lau yake.

5. Kada ka zauna cikin tsit

Kyandir a ɗaki mai duhu yana ɗaukar ido. Ka kunna fitila, yana nan yana ci amma ba ka kula shi. Haka kukan kunne yake da shiru. Aikinka shi ne ka sa ɗakin ya daina yin tsit, kuma kayan aikin ba su da tsada: fanka, rediyo da aka rage wa murya, tagar da aka buɗe, ko manhajar waya mai sautin ruwan sama, ƙorama ko iska. Akwai irinsu na kyauta da yawa. Kada ka sayi na'ura ta musamman sai ka gwada waɗannan na makonni.

Yadda za ka saita shi ne inda aka fi kuskure. Ka fara daga ƙasa, ka riƙa ƙara ƙarfin sautin a hankali har ka ji ya fara cakuɗuwa da kukan, amma kana iya jin kukan kaɗan in ka nema. Nan za ka tsaya. Kowa yana so ya ƙure har kukan ya ɓace gaba ɗaya, kuma a ranar da abin ya yi tsanani babu laifi ka yi hakan na ɗan lokaci. Amma ƙwaƙwalwa ba ta sabawa da abin da ba ta ji. In kullum binne shi kake yi, da ka kashe sautin zai dawo maka sabo fil.

Zaɓi sautin da ba ya jan hankali. Waƙa mai baiti da hirar rediyo suna da kyau lokacin aiki, amma don hutawa sauti marar ma'ana ya fi. Ni na gwada kusan goma kafin na tsaya a kan na ruwan sama a kan rufi; sautin teku da kowa ke yabo ni tayar mini da hankali yake yi, saboda yana zuwa yana ɗaukewa, kuma duk ɗaukewar sai wiii ɗin ta leƙo. Lasifika a ɗaki ta fi abin sa wa a kunne, domin shi yana toshe sautukan duniya da kake buƙata.

6. Gyara dare

Da rana hidima tana rufe shi. Da dare ne yake cin kasuwarsa, kuma rashin barci yana sa a ji shi da ƙarfi washegari, ƙarfin kuma ya sake hana barci. Wannan zagayen za ka fara yankewa.

Ka kunna sautinka tun kafin ka kwanta, ya zama ka shigo ɗakin ka tarar da shi. Ka bar shi har safe. Na daɗe ina sa wa waya lokaci ta kashe kanta bayan awa ɗaya, sai in farka ƙarfe uku cikin tsit, babu abin da ke ɗakin sai ni da kukan. Daga ranar da na bar shi yana yi har asuba, farkawar ta daina zama tashin hankali. Idan mai ɗakinka ba ya son sautin, akwai 'yar siririyar lasifika da ake sa wa ƙarƙashin matashi.

Ka tsayar da lokacin tashi guda, ko daren ya yi kyau ko bai yi ba, kuma ka rage dogon barcin rana. Kada ka hau gado sai barci ya fara fizgarka. In ka kwanta kamar minti ashirin ido biyu, tashi ka zauna wani wuri da haske kaɗan, ka yi abu marar tayar da hankali, ka dawo in barcin ya zo. Kwanciya kana juyi kana kasa kunne tana koya wa jikinka cewa gado wurin fama ne. Ka juya agogo ya kalli bango.

Numfashi yana taimakawa fiye da yadda ake zato: ka ja a hankali kana ƙirga huɗu, ka sake kana ƙirga shida, na minti biyar. Ba zai rage ƙarar ba, jikin zai sassauta.

Hattara: ƙwayoyin barci irin su diazepam suna kwantar da mutum a daren farko, amma jiki yana saurin kamuwa da su, kuma barinsu farat ɗaya yana iya tayar da kukan fiye da da. Barasa ma haka, tana sa barci da wuri ta tsinka shi tsakar dare. Duk maganin barci ya zama da sanin likita, na ɗan lokaci.

7. Kare kunnen, amma kada ka wuce gona da iri

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum kusan 60 ce. A 85, awa takwas ce iyakar da masana lafiyar ma'aikata suka sa a rana, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 100 kuwa kwata ɗin awa kacal. Ba sai kana da na'urar awo ba. Idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kusa da kai, tazarar hannu ɗaya, ya ji ka, wurin ya kai a toshe kunne.

Matoshin kunne na soso shi ne mafi arha, amma yawancin mutane ba su iya sa shi ba. Ka murza shi da yatsu ya zama siriri, ka zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai ka ja kunnen sama da baya, ka tura shi, ka riƙe kamar daƙiƙa talatin har ya kumbura ya cika ramin. In rabinsa na leƙe a waje, ado ne kawai. Ga abin sauraro na waya, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada ƙarfin ya wuce kashi 60 cikin 100, tare da ba kunne hutu.

Hattara: tsoro yakan sa sabon mai kukan kunne ya riƙa toshe kunnensa a gida, a ofis, har a kan gado. Kuskure ne babba. Toshewar tana ƙara fito da kukan, sannan a hankali kunne ya daina jure sautukan yau da kullum, har ƙarar cokali a faranti ta zama azaba. Toshiya ta wurin hayaniya ce kawai.

8. Daina gadinsa

Nan ne ainihin aikin, kuma nan ne aka fi ƙin yarda. Wanda gidansa ke bakin titi ba ya jin motoci, baƙonsa ne ke kasa barci. Kunnensu ɗaya, ƙwaƙwalwar mai gidan ce ta yanke cewa ƙarar ba ta da haɗari, ta ajiye ta gefe. Kukan kunne ma tana iya ajiye shi haka, amma ba za ta yi ba muddin tana ɗaukarsa a matsayin barazana. Duk sanda ka ce a ranka "zan kurumce", "zai haukata ni", "haka zan ƙare rayuwata", kana gaya mata ta ci gaba da gadi.

Ka fara da ɗabi'ar dubawa. A watannin farko nakan toshe kunne da yatsa sau ashirin a rana in ji ko yana nan, in shiga banɗaki in rufe ƙofa in auna ko ya fi na jiya. Kullum yana nan, mana, tunda nemansa nake yi. Idan ka kama kanka kana kasa kunne, kada ka yi faɗa da kanka. Ka ce, "ga shi nan", ka mayar da hankali kan abin da hannunka ke yi. Sau ɗari za ka yi a rana ta farko. Ba cewa ake ka yi kunnen uwar shegu da shi da ƙarfin tsiya ba, don wanda ya dage sai ya manta abu tuna shi yake yi. Barinsa za ka yi ya zauna, kai kuma ka ci gaba da sha'aninka.

Sai ka koma wa abubuwan da ka bari saboda shi: zumunci, motsa jiki, karatu, fita. Janyewa daga mutane tana ba shi fili. Ka kuma rage yawon intanet kana karanta labarin waɗanda abin ya fi tsananta wa. Waɗanda suka saba da nasu ba su cika zama su rubuta ba, suna can suna harkokinsu.

Idan bayan wasu watanni har yanzu yana hana ka aiki ko barci, ka nemi ƙwararren mai ba da shawara kan tunani da ɗabi'a, hanyar da ake kira CBT. A duk hanyoyin da aka gwada, ita ce ta fi samun hujjar bincike wajen rage damuwar kukan kunne, kuma ƙa'idojin da hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta fitar a 2020 sun sa ta cikin abin da ake ba mai wannan matsala. Zama ne na makonni, ana yi ido da ido, ko cikin rukuni, ko ta intanet, wanda ya fi sauƙin kuɗi. Akwai kuma TRT, tsarin da wani masani mai suna Pawel Jastreboff ya fito da shi wajen 1990, mai haɗa bayani da sauti marar ƙarfi, wanda kan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu. Tura ka wurin masanin tunani ba ya nufin ana cewa ƙirƙirar ƙarar kake yi. Ƙarar gaskiya ce. Idan akwai baƙin ciki mai nauyi ko fargaba tare da ita, a yi maganinsu su ma, domin suna hura wa juna wuta.

9. Duba muƙamuƙi da wuya

In kukan yana canza murya idan ka cije, ka buɗe baki sosai ko ka juya kai, ka faɗa wa likita. Cizon haƙora cikin barci, ciwon gaɓar muƙamuƙi da sanƙarar wuya suna iya ƙara shi, kuma likitan haƙori ko mai gashin ƙashi na iya rage wannan kason.

10. Riƙe aljihunka

Ciwon da ba shi da magani shi ya fi kowane yawan masu sayar da magani. Za ka ga ƙwayoyi, man ɗigawa da na'urori, kowanne da shaidar wanda ya "warke cikin kwana bakwai". Ƙungiyar likitocin kunne ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2014, ta ce kada a ba masu kukan kunne ginkgo (maganin ganyen wata bishiya), sinadarin zinc ko melatonin (ƙwayar taimaka wa barci) da sunan maganinsa, domin bincike bai nuna suna yi ba. Ni na sha ginkgo wata uku. Abin da ya ragu kawai kuɗina ne. Ga mai shan maganin tsinka jini kuwa yana da haɗari, don yana iya ƙara zubar jini.

Dalilin da ya sa shaidun ke da yawa shi ne kukan yana hawa yana sauka da kansa. Mutum yakan sayi magani a makon da abin ya fi tsanani, ya lafa kamar yadda da ma zai lafa, sai maganin ya kwashe yabo.

Akwai sababbin na'urori na gaske. Ɗaya ita ce Lenire, mai haɗa sauti a kunne da ɗan motsin lantarki a harshe, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita a 2023. Tana da tsada, ba ko'ina ake samunta ba, kuma rage damuwa take yi ga wasu, ba kashe ƙarar ba. Ba da ita ake farawa ba.

Maganar kofi ma haka: babu hujjar cewa barinsa yana rage kukan ga kowa. In kana zargin wani abu, ka bar shi shi kaɗai na mako biyu ka gani, sannan ka dawo da shi ka sake gani. Kada ka haramta wa kanka abubuwa goma a rana ɗaya.

11. Ranar da ya tashi, da yadda za ka auna ci gaba

Zai tashi. Mura, gajiya, ɓacin rai, daren da ba a yi barci ba, ko wuni cikin hayaniya, duk suna ɗaga shi na awoyi ko kwanaki. Ko bayan shekaru yakan faru da ni. Abin yi shi ne abin da ka riga ka sani: ƙara sautin ɗaki kaɗan, kwanta da wuri, kauce wa hayaniya, kada ka fara sabon magani, kada ka koma dubawa da yatsa. Ka tuna na baya ma ya sauka.

Wajen auna ci gaba, kada ka auna ƙarfin ƙarar, don ita ce ta fi jinkirin canzawa, wani lokacin ma ba ta canzawa. Sau ɗaya a wata, ba kullum ba, ka amsa tambaya uku a takarda: dare nawa na yi barci sosai a makon nan, awa nawa nakan yi ban tuna da shi ba, me na fasa yi saboda shi? Asibitoci suna da takardar tambayoyi 25 da ake kira THI, mai maki daga 0 zuwa 100. In an cika maka a zuwan farko, ka nemi a sake bayan wata uku zuwa shida a kwatanta. Sabo yana ɗaukar watanni, ga wasu fiye da shekara, kuma ba a miƙe yake tafiya ba. Ni ban san ranar da ya faru ba. Wata rana dai da yamma na tuna cewa tun safe ban ji shi ba, kuma tunawar ce ta dawo da shi.

Ka koma wurin likita idan kukan ya sauya kama: ya koma kunne ɗaya, ya fara bugawa da zuciya, jinka ya ƙara raguwa, ko jiri ya shigo. In kana aiki cikin hayaniya, ka riƙa sake gwajin ji duk shekara, kuma ka tafi da tsohuwar takardar a ɗora ta kusa da sabuwa.